Ranar da Hannun 'Yata Ya Kai Kunne

A lokacin da na kai manyan 'ya'yana maza makarantar boko, ba a tambayar takardar haihuwa, don kusan babu mai ita a unguwarmu. Jera yara ake yi a gindin dalbejiyar da ke tsakar makaranta, hedimasta ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Taɓa kunnenka." Yaro ya ɗaga hannun dama, ya bi da shi ta tsakiyar kansa, ya nemo kunnen hagu. In yatsu sun kai, ya shiga aji ɗaya. In ba su kai ba, a ce da ubansa, "Sai baɗi, in Allah ya kai mu."

Ban ce wannan awo ilimi ba ne. Akwai yaro mai dogon hannu da gajeren wayo, akwai kuma akasin haka. Amma akwai shaidar da zan yi masa ko a gaban Allah: bai san ɗan wane ba. Da idona na ga an mayar da ɗan wani attajiri, uban yana tsaye babbar rigarsa tana tashin turare, aka karɓi ɗan mai wankin hula da ke bayansa. Attajirin ya ce, "Ranka ya daɗe, duba fa, saura ƙiris." Tsohon hedimastan ya ce, "Alhaji, ƙiris ɗin nan ni zan ƙara masa ko kai?" Kowa ya yi dariya, har shi Alhajin.

Ni mutumin Limawa ne, cikin Dutse, nan aka haife ni. Karatun allo da rubutun Ajami na gada wajen mahaifina, Allah ya jiƙansa, tare da zaure da gona. Da asuba in biya wa yaran unguwa karatu, rana ta ɗaga in tafi gona, bayan la'asar in dawo wa masu allo. Da Dutse ta zama babban birnin jiha, gonakin da ke bakin gari suka zama ofisoshi da gidajen ma'aikata. Gonar da ta rage mini mai nisa ce, sai da keke. Ma'aikata suka taso daga Kano da iyalansu, makarantar da ke kusa da mu ta cika maƙil, tsohon hedimasta ya yi ritaya aka kawo sabo.

Ina da 'ya mace guda ɗaya, ita ce auta. Ta gama babbaƙu ta shiga farfaru tun haƙoran gabanta ba su fara famfara ba. Kullum da safe sai ta bi yayanta, wanda ke ajin manya, har bakin lungu, a dawo da ita tana birgima. A shekarar da soja suka miƙa mulki ta dame ni har na kai ta wajen awon, ko da yake na san hannun ba zai kai ba. Nufina ta gani da idonta, mu huta.

Bai kai ba kuwa. Ta karkata kai, ta ɗage kafaɗa, ta yi ɗage da ƙafa kamar hakan zai taimaka. Sabon hedimasta mutum ne mai fara'a, ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai yanzu an daina mayar da yaro gida. An buɗe rabin aji. Wanda hannunsa bai kai ba ya shekara a can, ya saba da benci, ya koyi riƙe fensir, baɗi ya shiga aji ɗaya da ƙafar dama. Kyauta ne, na kowa da kowa ne."

Na yi masa addu'a har da ɗaga hannu. Har yau ban janye addu'ar ba, don abin a kan kansa alheri ne. Sai da muka isa ƙofar ajin malamar ta gaya mini sharaɗi. Su ƙanana sha ɗaya na safe suke tashi, kuma ba a sakin yaro sai babban mutum daga gidansu ya zo ya ɗauke shi, saboda sabuwar kwalta ta ratsa tsakaninmu da makaranta, motoci ba sa lura. Na ce wannan ma tunani ne mai kyau.

Sai dai ana buɗe makaranta ne daidai lokacin da gero ya nuna. Duk namijin da ke da gona, a wannan sa'a yana can a duƙe, in bai yi hanzari ba tsuntsu da ruwan ƙarshen damina su raba masa abincin shekara. Matanmu kuwa ba sa fita da rana tsaka, ba kuma jiya aka fara ba. Ko da a ce mai ɗakina za ta fita, a wannan sa'ar tana kan murhu tana haɗa abincin masu taya ni girbi. Wanda ya zauna ya zaɓi sha ɗaya na safe, agogon ofis ya duba. Da ya leƙo lungunmu sau ɗaya a wannan lokaci, da ya ga babu kowa a waje sai awaki.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ita ta ɗauki aikin. Ta tsufa, gwiwoyinta sun daɗe suna ba ta wahala, amma ta ce, "Ni zan riƙa ɗauko ƙawar tawa. Da zaman banza gara aikin jika."

Yarinyar ta ce, "Ke da ba ki da sauri? Kafin ki zo ai na yi aji biyu."

Inna ta ce, "Ji mini mara kunya. Ubanki ma da bayan nan na goye shi, kuma ya fi ki nauyin kai."

Haka suka fara. Inna ta fita da sandarta tun hantsi, ta huta a gindin kowace inuwa. A bakin makaranta ta tarar da motoci da Besfa, direbobi da masinjojin ofis sun zo kwasar 'ya'yan iyayen gidansu. Kafin ta tsallaka kwalta an watse. Kullum jikarta ce ta ƙarshe, tana zaune kusa da mai gadi, malama tana tsaye da jaka a kafaɗa. Wata rana malamar ta kasa daurewa ta ce, "Iya, don Allah ki riƙa zuwa da wuri. Mu ma muna da gidaje."

Inna ta ce, "'Yar nan, yi haƙuri. Ƙafar ce ba a ɗaura mata agogo ba."

Ban ga laifin malamar ba. Ita ma tana da jariri a gida. Don haka na ajiye girbi wata safiya na sami hedimasta. Na ce tunda yayanta yana nan cikin makarantar, a bar ta ta zauna a inuwa har ya tashi da azahar su taho tare. Ya ce babu mai tsaron yara bayan an tashi, in wani abu ya same ta shi za a tuhuma. Na ce to, akwai wata dabara. Mu iyayen da ke lungu ɗaya mun yi shawara da ladanin masallacinmu. Dattijo ne, ba ya noma saboda ciwon baya, tsakanin hantsi da azahar ba shi da aiki. Jikarsa ma tana ajin. Ya yarda ya riƙa kwaso yaran lungu gaba ɗaya, ya tsallakar da su titi.

Hedimasta ya ce, "Jikarsa dai zai iya ɗauka. Sauran ba 'yan gidansa ba ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, direbobin da nake gani a bakin ƙofa fa? Su 'yan gidan ne?"

Ya ce, "Wannan daban. Direba ma'aikaci ne. In wani abu ya faru mun san ofishin da za mu je."

Na ce, "Shi kuma wannan in wani abu ya faru, ku jira azahar. Za ku ji muryarsa daga nan inda kake zaune."

Ya yi dariya, ya ce ina da barkwanci, amma doka doka ce, ba shi ya kafa ta ba. Ni kuwa ba barkwanci nake yi ba. Mutumin da ya yi wa rabin yaran nan kiran salla a kunne ranar da aka haife su, mutumin da muke ba wa makullin masallaci, shi ne baƙo. Wanda aka ɗauka aikin tuƙi watan jiya, ba a san garinsu ba, shi ne ɗan gida, saboda yana da ofis a bayansa. Na fito ina karanta duk abin da na sani na danne zuciya.

Kafin a yanke dawa gwiwar Inna ta kumbura, ta kwanta. Yarinya ta daina zuwa. Yaran lungunmu ma suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ladan ya ci gaba da kai jikarsa ita kaɗai, har ita ma jikar ta ƙi, ta ce ba ta da ƙawa a ajin, ana yi mata dariyar takalmi. Da na kammala aikin gona na shigar da hatsi rumbu, na kama hannun 'yata na mayar da ita, don yanzu ina da sukunin ɗauko ta da kaina. Aka ce ta yi fashi da yawa, an ba wani gurbinta, benci ya cika.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba wannan ba ne. Maganar da ta biyo baya ce. A wajen wani ɗaurin aure na ji wani ma'aikaci yana cewa, "An buɗe musu aji kyauta, sun kwashe 'ya'yansu. Mutanen garin nan ba sa son boko." Yana faɗa yana girgiza kai, da tausayi. Wato an gina ƙofa daidai tsayin wasu, wanda ya buga goshi kuma a ce dama ba ya son shiga.

Na rarrashi yarinyar da abin da na sani. Na ce, "Kada ki damu. Baɗi hannunki zai kai, ki shiga aji ɗaya kai tsaye, kamar yadda yayyenki suka shiga." Ta riƙe wannan magana kamar karatu. Kowace safiya kafin ta wanke ido sai ta gwada. Inna daga kwance ta ce, "Kawo in ja miki shi, ƙawata." Ta shafa mata man shanu a kafaɗa ta ja, yarinyar tana ihu tana dariya, uwarta tana cewa, "Inna, za ki ɓalle mata shi mu rasa duka biyu, hannun da bokon."

Wata yamma cikin bazara ina tsakiyar biya wa yara karatu ta faɗo zaure da gudu, hannu bisa kai, yatsu sun damƙe kunne. Ta ƙi saki don kada ya koma. Ta ce, "Baba, duba! Baba, duba kafin ya tafi!" Karatun ranar bai ƙarasa ba.

A daminar nan ce aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Na je taron, na yi kabbara har muryata ta dushe, na yi hawaye, kuma ban ji kunyar hawayen ba. Na dawo gida da zaton an shiga zamanin da mai ƙaramin ƙarfi zai kai kukansa a saurare shi. Da wannan zuciya na kai 'yata makaranta ranar ɗaukar sababbi.

Uwarta ta yi mata kitso. Tun kafin mu shiga ƙofa ta ɗora hannu bisa kai. Ta je gindin dalbejiya ta tsaya tana riƙe da kunne, tare da wasu yaran unguwa, suna jiran mai dubawa. Rana ta ɗaga, babu wanda ya zo. Na shiga wajen hedimasta. Ya ce, "Malam, ai an bar wannan tsohon yayin. Aji ɗaya na 'yan rabin aji ne, su suka cika shi. Guraben da suka rage sai wanda ya riga ya san baƙaƙe."

Na ce ta san baƙaƙe, har ta fara haɗa su.

Ya ce, "Ba waɗannan ba."

Aka kira ta. Wani malami ya tambaye ta sunanta da Turanci. Ta dube shi, ta dube ni, ta ƙara damƙe kunnen, ta juya masa gefen don ya gani da kyau. Ya sake tambaya. Ta ce, "Ya kai." Malamin ya ce ba za ta iya bin sauran ba.

Na ce, "To, shi ke nan. A mayar da ita rabin ajin. Bana ni zan riƙa ɗauko ta da kaina, ko geron zai ruɓe a gona." Da gaske nake, na riga na yanke.

Muka je wajen malamar rabin aji. Ta dubi yarinyar, wadda har lokacin hannunta yana bisa kai, ta ce, "Malam, ai wannan hannunta ya kai. Ta girmi ajin nan. Nan na waɗanda bai kai ba ne."

Ashe ba a bar awon ba. An dai hana shi shigar da yaro ne, an bar masa ikon korarsa. Ga aji ɗaya ta yi ƙanƙanta a sani, ga rabin aji ta yi girma a hannu. Ɗakunan nan biyu bango ɗaya ya raba su, 'yata tana tsaye a tsakani, babu wanda yake nata. Na faɗi maganganu a wajen, da murya sama, ban kuwa saba ba. Hedimasta ya ce in yi haƙuri, in gwada baɗi. Na ce baɗi hannun zai gajarce ne? A hanya yarinyar ta sauke hannunta a hankali, ta ɓoye shi cikin hijabi. Ba ta yi kuka ba. Na fi son da ta yi.

Bayan sallar la'asar na tayar da maganar a gaban manyan unguwa, don a lokacin kowace magana a masallaci ake kawo ta. Wani abokina, tare muka yi karatu, ya ce, "Haba, Malam. Ana maganar manyan abubuwa, ana rufe gidajen giya da caca, kai kuma ka zo da kunnen yarinya?"

Na ce, "Ni da kai mun karantar da yara abin da aka tanadar wa mai tauye mudu. Kana zaton sai a kasuwar hatsi ake tauye shi? Awo ɗaya, in zai hana ya yi aiki, in zai bayar a ce tsohon yayi ne. Wannan mene ne sunansa?"

Ladan ya ce gaskiya ne. Sauran suka ce za a duba. Abin da aka duba a makarantar a wannan zangon shi ne tsawon hijabin 'yan mata. Ban ƙi ba, ina goyon baya. Amma 'yata tana da hijabin, ajin ne ba ta da shi.

Ina da ƙanwa da ke aure a Aujara. Ta zo duba Inna, ta ji labari, ta ce, "Yaya, mu can ba a kawo mana rabin ajin ba tukuna. Har yanzu kunne ake taɓawa. Ba ni ita." Mai ɗakina ta ce, "'Yar tawa guda ɗaya mace? Wa zan yi wa kitso?" Ban tilasta mata ba, na bar mata maganar. Ta ga yadda yarinyar ta daina bin yayanta bakin lungu, ta daina gwada hannu, in an yi maganar makaranta ta tashi ta bar wajen. Da kanta ta wanke kayan yarinyar ta ƙulle a ɗankwali. Inna ta ce, "Ƙawata, tafiya za ki yi ki bar ni da waɗannan marasa hira?" Yarinyar ta ce, "In kin warke ki biyo ni. Amma ki taho da wuri, kin san ba ki da sauri."

Muka shiga ƙaramar bas. Makarantar da ƙanwata ta kai mu ba ta da katanga, wasu azuzuwan ma a gindin itace suke. Hedimastan tsoho ne, alli ya ɓata masa aljihun riga. Na ba shi labari a taƙaice, ya ce ba komai, an riga an fara karatu amma ba a yi nisa ba. Ya duƙa gabanta ya ce, "'Yammata, taɓa kunnenki."

Ta ɗaga hannu a hankali. Ta lanƙwashe gwiwar hannun, ta noƙe kafaɗa, ta tsayar da yatsunta a tsakiyar kai. Bai kai ba.

Na ce, "Ke! Miƙe hannun mana!" Ta ƙi. Idonta yana ƙasa. Hedimasta ya fara cewa, "Malam, anya wannan ba sai baɗi..." sai ya tsaya, ya dube ta da kyau. Ya kama yatsun nata da kansa, ya ja su sannu, suka wuce kunnen har suka taɓa ƙasansa. Ya ce, "Ke 'yar nan, wa kike yi wa wayo? Ni da na auna ubannin yaran garin nan?"

Ta juyo gare ni ta ce, "Baba, ya kai ne?"

Na ce, "Ya kai."

Ta ce, "To korata za a yi?"

Hedimasta bai gane ba, ya yi dariya ya ce, "Wa zai kore ki? Wuce ki zauna." Ni na gane. Yarinyar da ta shekara tana jan hannunta don ya tsawaita, a safiya ɗaya an koya mata ta ɓoye tsawonsa. Ba ni na koya mata ba, ba uwarta ba. Mutane ne masu fara'a, waɗanda ba su zage ta ba, ba su doke ta ba, kowannensu yana da hujja mai kyau. Shekaru sun wuce, na yafe abubuwa da yawa da suka fi wannan girma a idon mutane, ina kuma roƙon Allah ya sanyaya mini zuciya a kan wannan. Bai sanyaya ba tukuna.

Ta yi karatunta a Aujara, sai hutu muke ganinta. Jikar ladan da sauran yaran lungunmu na wannan shekarar ba su da gwaggo a Aujara. Ba su shiga ba, har suka wuce shiga.

Ranar da na kai ta Aujara, na dawo Dutse ana kiran magariba. Mai ɗakina tana tsakar gida, ta ce, "Sun karɓe ta?" Na ce sun karɓe ta. Ta ce, "Alhamdulillahi." Sannan ta shiga ɗaki, ta naɗe 'yar tabarmar da yarinyar take kwana a kai, ta ɗora ta can bisa, inda ba za ta riƙa gani ba.